Gidan Iizasa da Takobin Katori: Wa Ke Gadon Makarantar da Ta Haura Shekara 500?

Kafin a koya wa mutum ko da riƙon takobin katako a makarantar Katori Shinto-ryu ta ƙasar Japan, sai an zaunar da shi gaban wata takarda. Zai karanta abin da ke ciki, ya rubuta sunansa, sannan a ɗan tsaga masa yatsa ya shafa jini kusa da sunan. Japanawa na kiran wannan keppan, wato hatimin jini. Sharuɗɗan ba su da yawa. Ba zai fitar da abin da aka koya masa ga kowa ba, ko da iyayensa ne ko 'ya'yan cikinsa. Ba zai shiga husuma ko ya yi wa mutane rashin ladabi ba. Zai nisanci caca da wuraren ashsha. Kuma ba zai gwada takobi da ɗan wata makaranta ba sai ya kai matakin da aka ba shi izini. Rantsuwar da sunan abin bautarsu na Katori, wurin bautar da makarantar ta samo sunanta, ake yin ta, don haka Musulmin da ke sha'awar wannan fanni ya san da wannan tun daga bakin ƙofa.

Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai game da makarantar nan shi ne wanda ake yi wa alkawarin. Shugabancinta yana hannun gida ɗaya, gidan Iizasa, tun ƙarni na 15. Amma shugaba na 20 a jerin, Iizasa Yasusada, bai riƙa koyar da takobi da kansa ba. Wanda duniya ta sani da takobin Katori wani ne daban, Otake Risuke, mutumin karkara daga yankin Narita wanda ba shi da ɗigon jinin Iizasa a jikinsa. To ta yaya mai makaranta ba ya koyarwa, mai koyarwa kuma ba shi ne mai makaranta ba? Wanda ya gane wannan ya gane yadda salsalar koyarwa take aiki a tsofaffin makarantun yaƙi na Japan, ya kuma gane abin da ke haddasa rigingimunsu.

Judo da karate da matasanmu ke yi a Kano da Kaduna da Yamai sababbin abubuwa ne idan aka auna su da wannan. Kano Jigoro, wanda sunansa bai haɗa komai da birnin Kano ba, ya kafa makarantar judo ta Kodokan a Tokyo a 1882, kuma shi ya kawo tsarin matakan daraja da ake kira dan da baƙin bel cikin fasahohin faɗa, daga baya karate ta ara. A wannan tsari ƙungiya ce ke shirya jarrabawa, ta ba da daraja, kuma mai baƙin bel na Nijar da na Faransa ma'auni ɗaya ake auna su da shi. Makarantun da aka kafa kafin 1868, shekarar da mulkin shogun, wato sarakunan soja na gidan Tokugawa, ya faɗi, su ake kira koryu, kuma ba haka suke tafiya ba. Kalmar ryu asalinta kwararar ruwa ce. Kowace makaranta rafi ce mai mafarinta, tana gangarowa daga mutum zuwa mutum, kuma babu wata hukuma a sama da za ta ce wa wannan rafi ga yadda zai gudana.

Mafarin Katori shi ne Iizasa Choisai Ienao, mayaƙi daga tsohon lardin Shimosa, yankin da a yau yake cikin Chiba, gabas da Tokyo. Makarantar na cewa an haife shi a 1387, ya rasu a 1488, kuma ya kafa ta a 1447, ko da yake wasu masana tarihi sun fi karkata ga wajajen 1480. Labarin da almajiransa ke gado shi ne cewa bayan ya manyanta ya bar hidimar masu mulki, ya keɓe kansa a wurin bauta na Katori kwana dubu yana horo da tsarkake jiki, har abin bautar wurin, Futsunushi, ya bayyana gare shi cikin siffar yaro ya miƙa masa naɗaɗɗiyar takarda mai ɗauke da sirrin yaƙi. Wannan imaninsu ne, kuma kusan kowace tsohuwar makaranta tana da irin nata, ko mafarki ko haɗuwa da wata halitta a kan dutse. Aikin da labarin ke yi a fili yake: in dai daga sama ilimin ya sauko, to babu magajin da ke da hurumin sauya shi don son ransa. Da labarin ake ɗaure hannun 'yan baya.

Akwai wata magana da ake jingina wa Ienao wadda ta dogara da wasan kalmomi. A Japananci "dabarar yaƙi" da "hanyar zaman lafiya" furucinsu ɗaya ne, heiho, rubutun ne ya bambanta, shi kuma ya ce wannan ita ce wancan. An ce idan wani ya zo neman karawa da shi, sai ya shimfiɗa 'yar tabarma a kan gajerun tsiron gora ya zauna ba tare da sun lanƙwashe ba, ya ce wa baƙon in ya iya yin haka sai su kara. Baƙo ya duba ya san ruwa ba sa'an kwando ba ne, ya kama gabansa. Ko ya faru ko bai faru ba, makarantar ta zaɓi ta riƙa tuna wanda ya kafa ta da faɗan da ya hana aukuwa, kuma wannan ya yi daidai da sharaɗin da ke cikin takardar jinin.

Abin da ake gadon yana da faɗi. Akwai takobi dogo da gajere, da riƙon biyu lokaci guda, da zaro takobi daga kube a sara cikin motsi ɗaya, da doguwar sanda, da mashi, da naginata, wadda doguwar ƙota ce mai lanƙwasasshen kaifi a kai. Akwai kokawa da jifa da ƙananan ƙarafa. A can sama kuma akwai darasin gina ganuwa da jera mayaƙa da duban taurari da yanayin ƙasa. Manhaja ce ta zamanin da yaƙi yake sana'a.

Amma zuciyar abin tana cikin kata, wato tsararren gumurzu tsakanin mutum biyu da takubban katako. Darasin farko na takobi kata huɗu ne: Itsutsu no tachi, Nanatsu no tachi, Kasumi no tachi da Hakka no tachi. Na sha kallon bidiyon Otake yana yin su da furfurarsa, kuma abin da ido ke fara kamawa shi ne tsawonsu da saurinsu. Katako na dukan katako, kas, kas, kas, ba tsayawa, kamar mutum biyu suna musayar sara da kariya. Ɗan kallo zai tafi da wannan fahimta, kuma haka aka so ya tafi da ita. A haƙiƙa yawancin wuraren da takobi ke haɗuwa da takobi, ba takobin ake nufi ba. Babban almajiri yana ja da baya rabin taku ya sa katakonsa a inda jikinsa ya kamata ya kasance, don ƙaramin ya sami abin da zai sara da ƙarfinsa duka ba tare da ya ji wa kowa ciwo ba. Saran da ya sauka a kan katako, a filin daga cikin wuyan hannu zai sauka, ko hammata, ko gefen wuya, ko cikin cinya, wato kafofin da sulken samurai, mayaƙan Japan na da, bai rufe ba. Kata ɗaya tana ƙunshe da wurare da dama da faɗan zai iya ƙarewa, an ɗinke su wuri guda aka ɓoye ɗinkin. Ɗan leƙen asirin wata makaranta zai iya laɓewa bayan danga ya haddace motsin kakaf, ya koma gida da kwasfa.

Wannan ne ya sa takarda ba ta isa ta riƙe makarantar ba. Shaidar farko da ake ba almajiri sunanta mokuroku, ma'anarta jeri, kuma galibi abin da ke cikinta ke nan: sunayen darussa, sai sunayen waɗanda ilimin ya bi ta hannunsu, sai sa hannu da hatimi. Wanda ya tsinci irin wannan takarda a kasuwar tsofaffin kaya ba zai koyi sara ko ɗaya daga cikinta ba. Bayanin yana cikin kuden, abin da malami ke faɗa baki da baki, da kuma abin da ma ba ya faɗuwa, kamar tazarar da za ka bari tsakaninka da abokin karawa, ko ɗan lokacin da za ka jinkirta kafin ka shiga. Wannan sai wanda ya iya ya tsaya a gabanka shekara da shekaru, yana matsa maka yau, yana sassauta maka gobe, har jikinka ya ɗauka. Mai karatun da ya san yadda ake karɓar ijaza a zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba: takardar shaida ce cewa an zauna, zaman shi ne karatun. Bayan mokuroku sai menkyo, sai gokui kaiden, wato an juye maka komai. Otake ya shiga makarantar a 1942 yana ɗan shekara 16, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, a hannun malami Hayashi Yazaemon. Bai kai matakin ƙarshe ba sai 1967. Shekara 25 ke nan.

To ilimin da ke zaune a jikin mutane, mutuwa ɗaya na iya katse shi. Kuma babu tabbacin cewa ɗan gwani zai fito gwani, ko ma a haifi ɗan. Maganin da Japanawa suka samo shi ne tufka igiya biyu. Igiya ta farko ita ce soke, shugaban gidan da ya gaji makarantar: shi ke riƙe da suna da tsofaffin takardu da ikon cewa wane namu ne, wane ba namu ba ne. Ta biyu ita ce shihan, babban malamin da fasahar ke hannunsa. Wani zamani mutum ɗaya ne ke riƙe da duka biyun, wani zamani su rabu.

An ga amfanin wannan a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da komai ya taru ya yi wa makarantar rubdugu. Sabuwar gwamnatin Meiji, wadda ta gaji mulkin shogun, ta rushe matsayin samurai, a 1876 ta hana yawo da takobi, sojan ƙasa ya koma bindiga da atisaye irin na Turai. Makarantu masu yawa da suka dogara da albashin wani basarake suka mutu tare da masarautun. Katori ta ɗan tsira saboda tun asali ba ta zama mallakar fadar kowa ba, kuma tana karɓar manoma da talakawan yankin. Ana cikin haka shugaba na 18, Iizasa Morisada, ya rasu bai bar ɗa namiji ba. Kujerar ta zauna babu kowa kimanin shekara talatin. A tsawon wannan lokaci wani shihan mai suna Yamaguchi ne ya fara riƙe koyarwar, bayan rasuwarsa wasu malamai takwas suka ci gaba, cikinsu har da Hayashi, malamin Otake. Ba ɗaya daga cikinsu da ya ce tunda gida ya zama kango bari ya naɗa kansa. Sai a ƙarshen shekarun 1920 wani mutum mai suna Kinjiro ya yi aure a gidan, ya ɗauki sunan Iizasa, ya zama shugaba na 19.

Wannan na iya zama abin mamaki ga wanda ya saba da nasabar uba, amma a Japan tsohuwar al'ada ce mai suna mukoyoshi: gidan da ba shi da magaji ya ɗauko suruki ya mai da shi ɗa, ya ba shi sunan gidan da gadonsa. 'Yan kasuwa na yi, masu sana'ar hannu na yi. Saboda haka idan aka ce shugabanci ya yi ƙarni biyar a gida ɗaya, gidan ake nufi a matsayin ma'aikata mai ci gaba, ko da jinin ya canza hanya. A ganina waɗancan malamai da suka yi shekara talatin suna gadin kujerar da ba tasu ba sun fi cancantar a riƙa ambaton su fiye da yadda ake yi. Jerin shugabanni 20 da ake nunawa yana tafiya sumul kamar ba a taɓa tuntuɓe ba, alhali a wannan giɓi manoman Chiba ne suka ɗauki makarantar a kafaɗa.

A cikin wannan giɓi ne kuma aka shuka wata matsalar da ta kawo yau. Kano Jigoro ya damu da yadda tsofaffin fasahohi ke ɓacewa, sai a ƙarshen shekarun 1920 ya gayyato malaman Katori huɗu zuwa Kodokan su koyar da zaɓaɓɓun 'yan judo. Ɗaya daga cikin waɗanda suka koya shi ne Sugino Yoshio, wanda ya rayu daga 1904 zuwa 1998, ya buɗe makarantarsa a Kawasaki, ya kuma yi suna da tsara faɗan takobi a finafinan shahararren darakta Kurosawa. Sugino bai ƙirƙiri malamansa ba, sahihan malaman Katori ne suka koya masa. Amma kata ɗinsa sun ɗan bambanta da na Otake a sauri da tsayuwa, domin kowannensu ya sha daga malami daban. Yau almajiran reshen biyu sun bazu a Turai da Amurka, kuma tambayar wane ne na asali ba ta daina tashi ba. Idan ma'aunin shi ne daga wa ka koya, dukansu suna da hujja. Idan kuwa ma'aunin shi ne wa gidan Iizasa ya naɗa babban malami, amsar ɗaya ce. Masu gardamar sukan ɗauka a kan abu ɗaya suke jayayya, alhali kowa da igiyar da ya riƙe.

Ba Katori kaɗai ke da wannan ba. A makarantar Yagyu Shinkage-ryu, tsoho Yagyu Sekishusai ya nuna wa Tokugawa Ieyasu, wanda daga baya ya zama shogun na farko a gidan Tokugawa, fasaharsa a 1594, ya kuma ba shi ɗansa Munenori ya yi masa hidima. Munenori ya zama malamin takobin shogun a Edo, wato Tokyo ta yau, ya kai har matsayin basarake mai ƙasa. Amma cikakken gadon makarantar tsohon ya miƙa wa jikansa ne, Toshitoshi, wanda ya tafi Owari, yankin Nagoya, a 1615. Wanda ya sami fada da dukiya daban, wanda ya sami takardun daban. Kuma reshen Owari ne ya kawo zamaninmu, har da wani abin lura: a jerin shugabanninsa akwai sarakunan Owari na gidan Tokugawa da suka karɓi gadon, daga baya ya komo hannun Yagyu. Makarantar Kashima Shin-ryu kuwa ta fito fili ta rubuta jeri biyu, na gidan Kunii da na manyan malamai.

Sai kuma inda ake shimfiɗa salsala ta wuce inda hujja ta tsaya. Daito-ryu, wadda fasahar faɗa ta aikido ta fito daga cikinta, tana danganta kanta ga Minamoto no Yoshimitsu, jarumin ƙarni na 11. Amma abin da tarihi ya iya kamawa da hannu yana farawa ne daga Takeda Sokaku, wanda ya rayu daga 1859 zuwa 1943, malamin Ueshiba Morihei wanda ya kafa aikido. Takeda gwani ne na gaske, littattafan da almajiransa suka riƙa sa hannu a ciki suna nan, kuma rashin takardun shekara ɗari takwas bai rage masa komai ba. Abin da nake gani shi ne tsawon jeri ba shi ne abin tambaya na farko ba. A fara da sunaye biyu ko uku na ƙarshe: wannan malami, wa ya koya masa, shekara nawa suka yi tare, wace shaida aka ba shi, kuma gidan da yake ambato ya san da shi? Mai gaskiya zai amsa cikin minti ɗaya. Wanda ya je taron mako biyu a Japan ya dawo da hoto da kambun "magaji na kaza" zai fara kewaye-kewaye.

A 1960 lardin Chiba ya sanya Katori Shinto-ryu cikin kayan gadon al'adu da hukuma ke karewa, kuma ita ce fasahar yaƙi ta farko da ta sami irin wannan matsayi a Japan. Bayan rasuwar Hayashi a 1964, Otake ya gina ɗakin horo a filin gidansa, Shinbukan, kuma daga nan ne ƙofa ta buɗe wa baƙi. Donn Draeger, tsohon sojan Amurka da ya rubuta littattafai a kan fasahohin yaƙin Japan, shi ne na farko daga waje da aka karɓa. Otake ya wallafa littattafai masu hotunan kata, ya bar masu kyamara suka ɗauka. Wani zai ce wannan ya saɓa wa takardar jini. Ni ban ga haka ba, domin abin da ya nuna shi ne abin da ɗan leƙen bayan danga zai iya gani dama. Inda nake da damuwa ta gaske shi ne yawa. Tsarin da aka gina don malami ɗaya da almajirai 'yan ƙalilan da ke zuwa daga gonakin kusa, yanzu yana ɗauke da rassa a ƙasashe da dama, inda almajiri zai ga babban malami sau ɗaya ko biyu a shekara. Motsi zai iya ƙetare teku a bidiyo. Wancan matsi da sassauci na mutumin da ya san jikinka shekara ashirin, shi ne nake tsoron ya tsaya a Narita.

Ikon soke na ƙarshe shi ne hamon, kora daga makaranta. Wanda aka yi wa hamon an cire sunansa, ba shi da damar koyarwa da sunan gidan. Sai dai babu mai iya zare abin da ya riga ya shiga hannun mutum, kamar yadda gwani komai gwanintarsa ba zai iya buga wa kansa hatimin gidan da ba nasa ba. Muddin igiyoyin biyu na tufke, wannan ba ya zama magana. Ranar da suka warware, kowane ɓangare zai rasa abin da ke hannun ɗayan.

Hakan ta faru a gidan Otake kansa. Yana da 'ya'ya maza biyu da suka tashi cikin takobin. A 2017 gidan Iizasa ya naɗa ƙaramin, Kyoso Shigetoshi, wanda ke amsa wani sunan gida daban, a matsayin shihan. Babban, Otake Nobutoshi, ya ci gaba da riƙon Shinbukan, amma ba a ƙarƙashin gidan Iizasa ba. Almajirai a ƙasashe daban-daban, waɗanda da yawansu a gaban tsoho Otake suka shafa jininsu, suka wayi gari dole kowa ya zaɓi inda zai bi. Otake Risuke ya rasu a watan Yunin 2021 yana da shekara 95. A lardin Chiba yanzu wa da ƙane suna koyarwa kowa a nasa wurin, kuma a duka biyun sabon almajiri da Itsutsu no tachi yake farawa, kata ɗin da mahaifinsu ya fara koya a hannun Hayashi a 1942.